Hular da Muka Bayar Kyauta

Na yi shekaru ina zana hula kafin in san cewa ƙasashen duniya sun taɓa zama suka rubuta dokar da za ta taɓa hula. Asalin sana'ata rubutu ne. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, makiyayi ne da ya ajiye sanda ya zauna a gari, ya sa ni karatu tun ina ƙarami, hannuna kuma ya faɗa a kan ajami. Ina rubuta wa mutane wasiƙa, ina yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyana, wato adon da ake zana wa allon sauka. Da waya ta shigo hannun kowa sai wasiƙa ta mutu. Sauka kuwa ba kullum ake yin ta ba. Haka na zauna a gidana na unguwar Arawa a Gombe da alƙalami da lokaci mai yawa.

A shekarun da tashin hankali ya watso mutanen Barno, wani mai ɗinkin hula ya sauka a unguwar Bolari da matarsa da 'ya'yansa mata biyu. Abin da ya fito da shi bai wuce jaka ɗaya ba, a ciki akwai zare da allurai da huluna uku. Mun haɗu a wata walimar sauka. Ya ɗauki allon ya daɗe yana duban zayyanar, sannan ya tambayi wanda ya yi ta. Da aka nuna ni sai ya ce bai taɓa sanin Bafillatani yana iya jan miƙaƙƙen layi ba, shi a saninsa mu sai bin sawun saniya, duk inda ta karkace mu karkace. Na ce masa ya gode wa Allah, bawa ya yi doguwar tafiya ya zo ya tarar da ubangidansa. Tsakanin Fulani da Barebari wannan wasa tsoho ne, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Tun daga ranar ban ƙara kiransa da komai ba sai Babarbare, shi kuma yana ce mini Fulata.

Da ya nemi rumfa a layin masu hula a kasuwa sai aka samu saɓani. Wasu suka ce baƙi sun yi yawa, a ba su can baya wajen kwata, kuma kuɗin kasuwarsu ya ninka na ɗan gari. Ni ne nake rubuta wa dattawan layin takardun taronsu, saboda haka ina wurin. Na nemi izini na yi magana. Na ce mudun da ake auna wa ɗan gari da shi ake auna wa baƙo, haka muka taso muka gani, haka kuma addini ya koya mana. Wanda aka bari ya shigo kasuwa ya zama ɗan kasuwa. Aka ja maganar har la'asar, daga baya dattawa suka yarda. Na rubuta a takarda cewa baƙo da ɗan gari biya ɗaya, wuri ɗaya, shugaban layi ya naɗe ta ya sa a akwatinsa na ƙarfe.

Aikinmu ya tafi kamar haka. Ni nake zana fasalin a kan farin ƙyalle. Da fari na gwada da tawada, sai ta riƙa zuba idan gumin hannu ya taɓa ta, na koma biro da rula. Shi yake zaɓen zare, ya san launin da ke zama kusa da wani ba su yi faɗa ba. Matarsa ce babbar mai ɗinki, ita take raba wa mata aiki, wasu a Bolari, wasu a Kwadon, inda takan hau mota ta kai musu ƙyalle ta karɓo wanda aka gama. Hula ɗaya takan ci makonni a hannun mace, tana ɗinki tsakanin girki da raino. Idan ta dawo sai ya haɗa ta, ya wanke, ya sa sitaci, ya ɗora ta a kan itacen da aka sassaƙa kamar kan mutum, ya buga ta har ta tsaya. Ba mu yi arziki ba. Amma ya aurar da babbar 'yarsa daga wannan rumfa, ni ma ban ƙara zaman jiran mai sauka ba.

Akwai wani fasali da na ciro daga kusurwar zayyanar allo, ƙananan ɗakuna masu shiga juna, kowane huɗu suna kewaye da tauraro. Babu wanda ya taɓa sa shi a hula kafin mu. Ranar da nake zana na farko, ina dab da gamawa aka yi sallama aka ce an yi rasuwa a maƙwabta. Na ajiye na tafi jana'iza. Da na dawo na ci gaba, ban lura ba na bar layi ɗaya guntu a ta baya, kusa da mahaɗi, bai kai ga ɗan'uwansa ba. Matar Babarbare ta gani, amma ta ɗinka shi yadda yake. Ta ce ita abin da malam ya zana take bi, ba ta gyara wa malam rubutu. Da hular ta fito ya ƙi sayar da ita saboda wannan aibi. Ya ce shi zai sa ta, don duk wanda ya tambaya ya nuna masa aikin Fulata. Na gyara a sauran. Fasalin ya karɓu sosai, har daga Bauci da Yola ana aiko mana.

Akwai wani Alhaji mai shagon kayan babur a Bolari, yana zuwa Caina saro kaya. Mutumin kirki ne a unguwa, shi ya sa wa masallacinsu fanka. Wata Juma'a bayan an idar muna tsaye ana gaisawa, ya dubi kan Babarbare ya ce hular nan ta yi kyau. A tarbiyyarmu idan babban mutum ya yaba abinka, sai ka ce nasa ne. Shi kuma sai ya ce Allah Ya bar maka, magana ta ƙare, kowa ya fita kunyar kowa. Babarbare ya cire hular ya miƙa da hannu biyu ya ce ta Alhaji ce. Alhaji ya ce a'a. Da Babarbare ya tsaya a nan da shi ke nan. Amma mutumin da ya zo gari da jaka ɗaya yana son a san cewa shi ma yana da abin bayarwa. Ya sake miƙawa, ya ce wallahi sai ya karɓa. Alhaji ya karɓa ya yi godiya.

Muka taho yana tafe kai ba hula a tsakar rana, ina yi masa dariya, ina cewa yau asirin sanƙon Barebari ya tonu. Muna murna ma. Muka ce hularmu za ta hau jirgi, za a gan ta a ƙasar da ba mu taɓa zuwa ba.

An gan ta kuwa.

Ana saura kwanaki a fara azumi Babarbare ya zo gidana da hantsi, abin da ba ya yi, domin lokacin buɗe rumfa ne. Bai yi mini wasa ba. Ya zauna a kan tabarma ya ciro hula daga leda ya ajiye a gabana. Fasalina ne, ɗakunan da tauraron. Na ɗauka na ji ba ta da nauyi, zaren yana ƙyalli, cikinta sumul babu ƙulli ko ɗaya. Aikin inji ne. Na ce ai fasali yawo yake yi, wataƙila wani ne ya gani a kan wani. Sai ya karɓa ya juya bayanta ya sa yatsa kusa da mahaɗi. Guntun layin nan yana nan. Injin ya ɗinka kuskurena daidai yadda matarsa ta ɗinka shi. Ya ce ya duba dila guda, mai ruwan ƙasa da mai shuɗi da mai toka, kowacce da guntun layinta. Kuɗin ɗaya bai kai kuɗin zaren da muke sa wa tamu ba.

Muka je wurin Alhaji. Ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Bai ɓoye komai ba. Ya ce ya kai ta wani kamfani ne a Caina aka yi masa irinta, ya biya kuɗin kwastan, kayansa ba ta daji suka shigo ba. Ya ce yanzu ɗan acaɓa da mai tura baro za su sa hula mai kyau ranar Salla, wannan ba lada ba ne? Na ce masa amana fa? Ya dube ni ya ce, "Malam, a gaban jama'a aka ba ni, har da rantsuwa. Na ƙi, aka ce sai na karɓa." Haka kuwa aka yi. Har ya yi wa Babarbare tayin ya riƙa ɗaukar kayan yana sayarwa a rumfarsa. Babarbare ya yi godiya, ya ajiye ruwan bai sha ba.

Sallar nan ba mu sayar da rabin abin da muka saba ba. Sauran masu hula ma haka, domin bayan fasalinmu wasu 'yan kasuwar sun kwashi na kowa sun kai. Teburan masu sayar da hular inji suka cika bakin layi. Sai dattawa suka kira taro, aka yanke shawarar a rubuta wa hukuma koke: hular waje ta biya kuɗin kasuwa fiye da ta gida, kuma a mai da masu sayar da ita can baya. Aka ce in rubuta. Ina rubutawa ina jin kamar na taɓa jin waɗannan kalmomi, amma alƙalami ya ci gaba da tafiya, domin ni ma gidana ya fara jin abin.

Ina da 'yar ƙanena da ta karanta shari'a, tana aiki a wani ofishin gwamnati da ke kula da harkar ciniki. Na kai mata takardar wata Asabar da safe don ta juya ta zuwa Turanci ta nuna mana ƙofar da za mu bi. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince zogale. Na karanta mata, ta saurara har ƙarshe hannunta bai daina aiki ba. Sannan ta ture farantin ta ce za ta gaya mini gaskiya ko ba daɗi.

Ta ce ƙasarmu ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki tare da yawancin ƙasashen duniya, kuma ginshiƙin yarjejeniyar shi ne hana nuna bambanci. Ta kasa shi biyu. Na farko a bakin iyaka: sauƙin da ka yi wa kayan wata ƙasa dole ka yi wa irinsa na sauran, ba ka da ɗan lele, sai dai maƙwabtan da kuka ƙulla kasuwa ɗaya da su. Na biyu a cikin gida: da zarar kaya sun biya kuɗin shiga sun shigo, ba a ɗora musu harajin da ba a ɗora wa irinsu na gida ba, ba a kuma yi musu wata doka ta daban don a danne su. Ta ce abin da muka roƙa a takardarmu shi ne ainihin abin da kashi na biyu ya hana.

Na ce ai ba iri ɗaya ba ne. Wannan mace ta yi makonni tana tsira allura, waccan inji ya tofo ta kafin a gama alwala.

"Bappa, doka ba ta cika tambayar wa ya sha wahala ba," in ji ta. "Tana duban abin da ake yi da kayan, da abin da aka yi su da shi, da kuma mai saye. In mutum ya zo sayen taku ya ga ta Caina, yana barin taku ya ɗauki waccan?"

Na ce ai kukan ke nan da ya kawo ni.

"To ka ga da bakinka ka shaida iri ɗaya ne."

Ta ga raina ya ɓaci, sai ta sassauta murya. Ta tuna mini da riɗin da mahaifinta yake nomawa a bayan Kwadon, wanda dillalai ke saye a fita da shi ƙasashen waje. Ta ce wannan doka ce ake fata ta hana a wulaƙanta riɗinsa a can don a fifita na wata ƙasa. In mun ware hular wasu, su ma sai su ware riɗinmu. Hikimar ita ce kowa ya yi abin da ya fi iyawa da araha, mai saye ya huta. Ta ce har hular Babarbare, in ta je can, haƙƙinta ne a riƙe ta kamar ta 'yan ƙasar. Na tambaye ta wa zai sayi hular zanna a Caina. Ta yi murmushi.

Na tambaya ko babu wata ƙofa. Ta ce kuɗin shiga na bakin iyaka ana iya ɗaga shi, amma wannan maganar Abuja ce, kuma sai an ɗaga wa hular kowace ƙasa. Wa zai ɗauki zancen hula ya kai can a saurare shi? Ta ƙara da abin da ya fi tsaya mini a rai. Ta ce a 'yan shekarun nan manyan ƙasashen ma suna taka dokar in ta matse su, babu mai iya hana su. Ƙananan ne ake tuna wa abin da suka sa wa hannu. Duk da haka ta ce in ina so za ta buga mana takardar, ba za ta hana bappanta abin da ya nema ba. Ta buga.

Ranar da za a dangwala yatsa muka taru a rumfar shugaban layi bayan azahar. Na faɗa musu abin da ta ce, ban rage ba. Wasu suka ce dokar Turawa ce, ba ruwanmu. Aka fara dangwalawa. Da aka zo kan Babarbare sai ya ce in sake karanta masa koken a hankali. Na karanta. Sai ya roƙi shugaba ya buɗe akwatin ƙarfe ya ciro tsohuwar takardar nan. Ta yi ja, gefenta ya ci. Ya miƙo mini ya ce, "Fulata, hannunka ne, karanta." Na karanta: baƙo da ɗan gari biya ɗaya, wuri ɗaya, wanda aka bari ya shigo kasuwa ya zama ɗan kasuwa.

Wani ya ce ai wannan maganar mutane ce, hula ba mutum ba ce. Babarbare ya ce ya sani. Amma masu teburan nan da ake son turawa bakin kwata mutane ne, da yawansu ma daga inda ya fito suka fito, ya san iyayen wasunsu. Ya ce, "Da kun bi waccan shawarar a kaina, da yanzu shekara nawa ina shaƙar wari. Na ci albarkacin wannan takarda. Ba zan sa yatsana a kan kishiyarta ba, ko da ita ce za ta cece ni." Shugaba ya ce to ya san rumfarsa ce ta fi kowacce shiga haɗari. Ya ce ya sani. Ya ɗauki takalminsa ya fita.

Aka kai koken ba yatsansa. An karɓa, an buga hatimi, an ce za a duba. Har yau ana dubawa.

Mun gwada abin da ya rage. 'Yar ƙanena ta ce babu dokar da ta hana mutum faɗin gaskiyar kayansa, sai na riƙa rubuta wa kowace hula a ciki, da ajami, cewa ɗinkin hannu ce, a Gombe aka yi ta. Masu saye sukan juya su karanta, su ce ma sha Allahu, su tambayi kuɗi, su ajiye a hankali kamar kada su ɓata mana rai, su wuce bakin layi. Ban ga laifinsu ba. Mutumin da ke tunanin masarar gida ba zai sa abincin mako a kansa ba. Ni da kaina na sayi wa surukina shadda ta waje don ta fi araha, ban tambayi wane masaƙi na kashe ba.

Matan Kwadon suka fara dawo da ƙyalle ba a ɗinka ba, suka ce aikin gona na ƙodago ya fi musu. Na Bolari suka koma suyar awara. Matar Babarbare ta ci gaba ita kaɗai har idonta ya fara ruwa, likita ya ce ta huta da allura. Bayan Sallar layya ya kwashe 'yan hulunan da suka rage ya mai da wa shugaba mukullin rumfa. Wanda ya karɓe ta hular Caina yake sayarwa. Biyansa ɗaya da kowa.

Na daɗe ina juya wannan al'amari bayan sallar asuba. Ban iya cewa dokar zalunci ce ba, domin da bakina na faɗi irinta a gaban dattawa, kuma har gobe na yarda da abin da na faɗa. Ban kuma iya cewa adalci ce ba, domin na ga abin da ta bari aka yi wa gidan da na sani. An auna wa allura da inji da mudu ɗaya, ba a tauye wa kowa ba, kuma allura ta tashi hannu wofi. Iyakar ilimina ke nan a kai. Allah ne Masani.

Yanzu Babarbare wankin hula yake yi a ƙarƙashin wata darbejiya kusa da tashar mota a Bolari. Itatuwan nan nasa masu siffar kai suna jere a rana, kowanne da hula a kansa. Nakan hau keke in je in zauna wurinsa wani lokaci. Rannan na ƙirga da ido, cikin layin gaba duka guda ɗaya ce ɗinkin hannu. Sauran duk na inji ne, yawancinsu fasalina. Yakan wanke su da kulawa kamar yadda yake wanke tamu, kuɗin wanki kuma ɗaya yake karɓa.

Na ce masa na zana wani sabon fasali a takarda, ya fi na farko, in kawo masa ya gani? Yana buga wata hula bai ɗago ba. Ya ce wa zai ɗinka? Na ce ko don a gani. Ya ce in bar shi a takarda, can ya fi samun lafiya.

Ya cire hular daga kan itacen, ya juya bayanta ya duba guntun layin, kamar yadda yake yi wa kowacce ko bai sani ba. Na jira ya ce aikin Fulata ke nan. Bai ce ba. Ya sa ta a leda ya ɗauko ta gaba.